Filin Tambaya da Amsa: Kayan Araha Daga Kasuwannin Intanet na Ƙetare

Tun bayan ƙaramar Sallah wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata ga magana guda, wato sayen kaya ta waya daga kasuwannin intanet na ƙasashen waje, musamman na Caina. Na zaɓi biyar daga cikinsu, duk daga Zariya da kewayenta, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su da sunayen kamfanonin da suka yi kuka da su, domin abin da ya sami ɗaya a wannan kasuwa yana iya samun wani a waccan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina shirin aurar da ɗana na fari bayan babbar Sallah, kuma ni aka ɗora wa haɗa lefe. 'Yata ta nuna mini leshi da abayoyi da jakunkuna da takalma a wata manhaja ta waya, farashinsu bai kai rabin abin da aka faɗa mini a kasuwar Sabon Gari ba. Ƙanwar mijina ta ce kada in kuskura, 'yata kuma ta ce ƙawayenta duk can suke saye. Me ya sa kayan suke da araha haka, kuma in saya ne ko in haƙura? Daga wata uwa a Tudun Wada.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Ƙanwar mijinki da 'yarki duk suna da gaskiya, sai dai kowacce ɓangare guda ta kama. Arahar da kika gani ba dukanta ce yaudara ba. Manyan kasuwannin nan, irin su AliExpress da kamfanin Alibaba ya buɗe a 2010, da Temu wadda ta fara a Amurka a 2022 ta kuma shigo Najeriya a ƙarshen 2024, galibin kayan da ke cikinsu ba nasu ba ne. Dubban 'yan kasuwa da masu masana'antu na Caina ne ke baje hajarsu a ciki, kamar yadda kowa ke kama rumfarsa a kasuwa. Kayan da ya iso shagon Sabon Gari kuwa ya biya kuɗin kwantena, da na kwastan a tashar jirgin ruwa ta Legas, da na motar da ta hauro da shi Arewa, da ribar babban dila na Kantin Kwari a Kano, da hayar shago, kafin mai shagon ya ɗora tasa ribar. In aka cire waɗannan hannuwa dole farashi ya sauka. Ga kuma kamfanonin da kansu suna karya farashi da gangan a ƙasar da suka shigo sabuwa, domin su saba wa mutane da saye a wurinsu.

Abin da ƙanwar mijinki ta hango shi ne cewa masana'anta guda takan fitar da kaya iri ɗaya hawa-hawa, akwai lamba ɗaya, akwai lamba biyu, akwai wanda ko sunan lamba bai samu ba, alhali hoton da za a nuna miki duk guda ne, wani lokacin ma hoton kayan wani kamfani ne dabam aka ɗauko. Mai shagon Sabon Gari ya riga ya taɓa kayan da hannunsa ya zaɓa, kuma in kika kai leshi gida tela ya ce yana zuba, kin san rumfar da za ki koma, kin san fuskar da za ki yi wa magana, in ta kai ma akwai shugabannin kasuwa. Wani ɓangare na tsadar da kike biya a can kuɗin wannan fuskar ne. A waya kuwa cinikin biri a sama ake yi. Leshi da hannu ake sanin sa: nauyinsa, da laushinsa, da ko duwatsun ɗinke suke ko da gam aka manna su, kuma babu hoton da zai gaya miki ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai kuma wata dabara da ke kama har waɗanda suka daɗe suna saye. Farashin da ake rubutawa da manyan lambobi a ƙarƙashin hoto sau da yawa na mafi ƙanƙantar zaɓi ne a cikin tallan, ba na abin da ke hoton ba. Za ki ga leshi a shimfiɗe da farashi mai daɗi, ashe kuɗin yadi ɗaya ne, ba yadi biyar da muka saba yanka ba. Za ki ga saitin akwatuna, ashe kuɗin ƙaramar jakar kayan kwalliya ne da ke gefe. Ni kaina na taɓa faɗawa. Na ga fitilar sola a hoto a kan dogon ƙarfe ta haske tsakar gida fes, na biya ina murna, bayan mako biyar yaron da ke raba saƙo ya miƙo mini wata leda mai toka-toka da ba ta kai nauyin buredi ba. Da na farke ta a gaban yara sai ga fitila ta zauna daidai a tafin hannuna, suka yi ta dariya. Da na koma tallan na tarar an rubuta tsawonta santimita 9 can ƙasa da ƙananan haruffa, ni ne ban karanta ba. Tana nan rataye a ƙofar makewayi, takan yi awa biyu kafin ta dushe.

Fitila ta ba ni kunya a gaban 'ya'yana kawai, lefe kuwa a gaban dangin amarya ake buɗe shi, a ɗaga kowane zane a duba. Saboda haka shawarata ita ce manyan kaya, wato shadda da leshi da atamfa da sarƙar da za a sa a sama, ki saye su inda hannunki zai taɓa, ko da kin rage yawansu, domin araha ba ta ado. Ƙananan abubuwa irin su jakar kwalliya, da safa, da kayan gyaran gashi, da madubi, da akwatin ajiye 'yan kunne, waɗannan ba laifi 'yarki ta gwada, amma ta fara yin odar guda ɗaya daga kowane mai sayarwa ta gani kafin ta ƙara. In abaya ko takalmi za a saya, kada a dogara da harufan girma, domin abin da suke kira babba a can sau da yawa matsakaici ne a jikinmu. A sami tef ɗin awo na tela a auna kafaɗa da ƙirji da tsawo da tafin ƙafa da santimita, a gwada da jadawalin awon da ke cikin tallan. Wajen karanta ra'ayin waɗanda suka riga suka saya kuma, ta tsallake masu yabo da kalma biyu, ta nemi waɗanda suka ɗora hoton abin da ya iso hannunsu, musamman masu ƙorafi.

Sauran abu biyu su ne lokaci da canji. Tsakanin Sallah da Sallah wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma kaya yakan sauka Legas ne tukuna kafin a hauro da shi, sannan mai rabawa ya fara lalube a unguwannin da yawancin gidajensu ba su da lamba. Ta rubuta adireshin wurin da kowa ya sani a bakin titi, da lambar wayar da ke kunne kullum. Game da canji, tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura naira 1,500 a farkon 2024, don haka abin da ƙawayen 'yarki suka saya da araha shekarun baya ba lalle ne ya zama araha yau ba. Abin da za a kwatanta da farashin Sabon Gari shi ne jimillar da ta bayyana a shafin ƙarshe bayan an haɗa kuɗin dako, ba lambar da ke ƙarƙashin hoto ba. Akwai dai sauƙi guda: a watan Satumban 2025 hukumar kwastan ta sanar da cewa ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, za su shigo ba tare da haraji ba, har sau huɗu a shekara, matuƙar ba kayan da doka ta hana ba ne.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe. Na sayi fawa banki da aka rubuta masa 50,000mAh da kuma filashi mai 2TB, duka biyun a kuɗin da bai kai na littafi guda ba. Fawa bankin sau ɗaya yake cika wayata ya mutu, kuma yana zafi. Filashin kuwa na zuba masa duk aikin bincikena da hotunan da na ɗauko a ƙauyuka, yanzu sunayen fayilolin suna nan amma ba sa buɗewa. Akwai yadda zan dawo da aikina da kuɗina? Daga wani ɗalibi a Samaru.

AMSA: Ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Zan fara da mai ɗacin. Irin wannan filashi ƙaramin ma'aji ne a cikinsa, wataƙila mai 8GB ko 32GB, aka sauya bayanin da yake ba kwamfuta domin ya riƙa cewa shi 2TB ne, wato kusan 2,000GB. Kwamfuta ba ta auna shi, abin da ya faɗa mata take nuna maka. Muddin abin da ka zuba bai wuce ainihin cikinsa ba komai zai buɗe lafiya, shi ya sa mutum yake sakin jiki da shi a makonnin farko. Da zarar ya cika, sabon abin da ka zuba ko dai ya hau kan tsohon ya shafe shi, ko kuma ya tafi babu inda aka rubuta shi, sunan fayil kawai ya rage a jeri. Abin da ba a taɓa rubutawa ba kuwa babu mai gyaran da zai dawo da shi, don haka kada ka ƙara asarar kuɗi wajen masu cewa za su ciro maka. Ka daina zuba komai a cikinsa, ka kwashe waɗanda suke buɗewa, sannan ka bi sawun aikinka a wasu wuraren: babin da ka taɓa tura wa malamin da ke duba ka ta imel, da abin da ka aika wa abokai ta WhatsApp, da kwamfutar shagon da ka taɓa buga takarda, da wayar da ka ɗauki hotunan. Nan gaba duk filashi ko memori da ka saya, a intanet ne ko a shagunan PZ na nan Zariya, ka gwada shi kafin ka amince masa. Akwai ƙaramar manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika ma'ajin dam sannan ta karanta abin da ta rubuta, ta gaya maka ainihin girmansa.

Fawa banki kuwa sikeli ne ke tona masa asiri. Batir ɗin lithium mai siffar gora da ake jerawa a cikin da yawansu, wanda ake kira 18650, mafi kyawunsa bai wuce ya ɗauki kimanin 3,500mAh ba, kuma nauyinsa ya kusa giram 50. Kafin a tara 50,000mAh na gaskiya sai an jera irinsa fiye da goma sha huɗu, nauyin batiran kaɗai ya doshi giram 700. In naka ya shige aljihun riga ba ka ji shi ba, lambar da ke jikinsa fenti ce kawai. Wasu ma sukan sa batir ɗaya ko biyu na gaske su cika sauran gurbin da yashi domin ya yi nauyi. Ko na ƙwarai ba ya ba da duk abin da aka rubuta, domin wani kaso yana salwanta wajen juya wutar, shi ya sa mai 20,000mAh na gaskiya yake cika wayar 5,000mAh kusan sau uku, ba huɗu ba.

Zafin da ka ambata ya fi ƙaryar lambar damuna. Batir ɗin lithium da ba shi da kyakkyawar na'urar da ke yanke wuta in ya cika yana iya kumbura ya kama da wuta, kuma irin zafin da muke sha a Zariya a watannin Maris da Afrilu, ga wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi cikin dare, ga ɗakin ɗalibai da katifa da littattafai a ƙasa, duk abin da gobara ke nema ne. Kada ka sake barin sa a caji kana barci ko ka fita lacca, kuma in ka ga ya fara kumburi ka fitar da shi waje ka rabu da shi. A ganina duk abin da za a jona wa wuta a tafi a bar shi, ko caja ce ko fawa banki ko abin dafa ruwa, ba wurin neman araha ba ne.

Maganar kuɗinka ta danganta da lokaci. Yawancin manyan kasuwannin suna riƙe kuɗin mai saye ne ba su miƙa wa mai kaya nan take, kuma suna ba da wa'adi bayan isowar kaya wanda a cikinsa za ka iya shigar da ƙorafi a cikin manhajar. In wa'adin bai wuce ba ka shigar yau, ka haɗa da hoton sakamakon gwajin filashin da hoton fawa bankin a kan sikeli. Mai kayan zai iya rubuto maka da daɗin baki ya ce ka janye ƙorafin zai turo maka sabo, ko zai biya ka ta wata hanya. Kada ka janye, domin da ka janye wa'adi ya ƙare, shi ke nan. Ka nemi a mayar maka da kuɗi ba tare da mayar da kaya ba, saboda kuɗin aika fawa banki daga Zariya zuwa Caina ya fi kuɗinsa, ga shi masu jigilar jirgin sama ba sa karɓar batir sai da sharuɗɗa. Muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, amma ta fi iya kama wanda ke da ofis ko shago a ƙasar nan, mai rumfa a birnin Guangzhou na Caina ya yi mata nisa. Daga yau kuma duk kayan da ya iso, ka kunna bidiyo tun kafin ka farke ledar, a ga takardar da ke manne da sunanka, domin hujjar da suka fi karɓa ke nan.

TAMBAYA: Na yi odar wani man shafawa da aka ce yana goge tabo yana gyara fata cikin mako guda. Gaskiya ya yi aiki da sauri, amma yanzu fuskata tana ja in na shiga rana, ƙananan jijiyoyi sun fito, kuma in na bar shi kwana biyu sai ƙuraje su feso. Rubutun jikin kwalbar ba da Turanci ba ne. A oda guda na sayo wa jaririna abin wasa na roba da yake tsotsa. In ci gaba? Daga wata matar aure a Gyallesu.

AMSA: 'Yar'uwa, saurin aikin nan shi ne abin tsoro. Man da ke canja launin fata cikin kwanaki yawanci ɗaya daga cikin abubuwa uku ke cikinsa, ko duka: sinadarin mercury, ko hydroquinone mai yawa, ko maganin steroid mai ƙarfi wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta, na ɗan lokaci kuma. Alamomin da kika lissafa, jan fuska da fitowar jijiyoyi da fesowar ƙuraje in an daina, sun yi kama da aikin steroid, wanda ke sirantar da fata a hankali. Mercury kuwa yana ratsa fata ya shiga jini, yana lahanta ƙoda da jijiyoyi, kuma yana iya kaiwa ga jariri ta nono ko ta taɓa fatar uwa. Tun da kina da goyo, kada ki jinkirta. Ki ɗauki kwalbar kanta ki je wurin likitan fata, akwai su a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, shi zai tsara miki yadda za ki rabu da man, domin fatar da ta saba da steroid takan yi bore in an yanke mata shi.

Duk abin da za a ci, ko a sha, ko a shafa a Najeriya, hukumar NAFDAC ce ke da alhakin tantance shi ta ba shi lamba. Kwalbar da ta zo a leda kai tsaye zuwa ƙofar gidanki ba ta bi ta hannun kowa ba, kuma ke ba ki iya karanta abin da ke jikinta, ko da an rubuta gaskiya. Wannan hukuncin ya haɗa da shayin rage ƙiba, da ƙwayoyin ƙarin ƙiba, da kayan mata, da magungunan ƙarfin maza da ake tallatawa a wuraren nan. Abin wasan jaririn ma ki ɗauke shi. A 2024 hukumomin birnin Seoul na Koriya ta Kudu sun yi ta gwada kayan yara da aka sayo daga manyan kasuwannin intanet na Caina, suka kuma sami wasu da dalma da sinadaran tausasa roba fiye da abin da dokarsu ta yarda da shi nesa ba kusa ba. Ba kowane abin wasa ne haka ba, amma ido ba ya bambance mai guba da marar guba, shi kuma yaro komai baki yake kai wa.

TAMBAYA: Ina da ƙaramin shagon kayan waya. Abokaina suna cewa riba tana 1688, amma sai ta hannun ejan. Na sami wani a Facebook da ya ce in tura masa naira ya saya mini ya turo, ana biyan dako a kan kilo. Ina kuma son in riƙa ɗora hotunan kayan mutane su biya ni tun kafin su iso. Wani malami ya ce mini akwai matsala a nan. Ina neman haske. Daga wani ɗan kasuwa a PZ.

AMSA: Malam, Allah ya ba da kasuwa. 1688 kasuwar sari ce ta kamfanin Alibaba da aka yi domin 'yan kasuwar cikin Caina, da harshensu take, da kuɗinsu na yuan ake biya, kuma masu kaya a cikinta sito na cikin ƙasar suke kai wa, ba su san Zariya ba. Shi ya sa take da araha, shi ya sa kuma ake buƙatar ejan mai sito a can. Abin da ya kamata ka gane shi ne, a wannan tsari kariyar da kasuwar ke bayarwa ta ejan ce, domin shi ne mai saye a idonsu. Kai abin da ke hannunka rasit ɗin tura kuɗi ne zuwa asusun wani mutum. In ya ɓace, ko ya ce kaya sun maƙale, babu maɓallin ƙorafi da za ka danna. Don haka ejan da ka gani a talla kawai bai isa ba. Ka nemi wanda wani ɗan layinku ya karɓi kaya ta hannunsa ba sau ɗaya ba, wanda ke da ofis da za ka iya takawa a Kano ko Kaduna ko Legas, mai asusun banki da sunan kamfani, kuma ka fara da kuɗin da in ya salwanta shagonka ba zai rufe ba. Ka sharɗanta masa ya buɗe kayan a sitonsa ya turo maka hoto da bidiyo kafin a ɗaure, domin a can ne kaɗai mayar da kaya yake da sauƙi.

Lissafin riba ma a nan mutane ke tuntuɓe. Farashin da ka gani da yuan za ka ƙara masa canjin da ejan zai yi maka, wanda ya fi na banki, da ladansa, da dakon cikin Caina zuwa sito, da dakon jirgi, da kuɗin fito da kaya, da motar da za ta kawo Zariya, da kason da zai zo a fashe ko ba ya aiki. Jirgin sama a kan kilo yake caji, amma kaya mai girma marar nauyi da faɗinsa ake auna shi, don haka kwalin robar bayan waya na iya cin kuɗin da ba ka zata ba. Jirgin ruwa ya fi araha, sai dai jarinka zai kwanta wata biyu ko fiye, kayan waya kuma yayi gare su, robar da ake rububi yau kafin ta iso an fitar da sabuwar waya. Ka kuma riƙe kalandarsu: sabuwar shekarar Caina tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu da masu dako sukan rufe na makonni, kuma a 'yan shekarun nan lokacin ya zo daf da azumi, daidai sa'ad da 'yan kasuwarmu ke jiran kayan Sallah.

Malamin da ya ja hankalinka bai yi kuskure ba. Akwai hani sananne a kan mutum ya sayar da abin da ba ya hannunsa, amma malamai sun bambance shi da cinikin salam, inda mai saye ke biyan kuɗi gaba ɗaya a kan kaya da aka siffanta sarai, da adadi sananne da lokacin bayarwa sananne, kuma nauyin kawowa yana wuyan mai sayarwa. A mazhabar Malikiyya ma an yarda da sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffa, kuma in ya zo saɓanin siffar mai saye yana da zaɓin fasawa. Ka koma wurinsa da cikakken bayanin yadda kake son yi ya daidaita maka. Ta fuskar kasuwa dai ma'anar guda ce: in ka karɓi kuɗin mutane a kan hoto, duk abin da ejan ya yi maka, ko jinkiri ko canjin kaya, kai za a zo wa shago, kuma kai za ka biya.

TAMBAYA: Jikana ya yi mini odar tabarau. Jiya saƙo ya shigo wayata cewa kayana suna tsare, in danna wani wuri in biya naira 1,200 da katin banki. Kuɗin ba yawa, amma na ce bari in tambaya. Daga wani dattijo a Ƙofar Doka.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, kun yi daidai da kuka tsaya. Ƙanƙantar kuɗin ita ce ƙugiyar. Ba naira 1,200 suke so ba, so suke ku rubuta lambar katin, da lambobi uku na bayansa, da lambar da banki zai turo ta saƙo, daga nan su kwashe abin da ke asusun. Irin wannan saƙo ga dubban mutane ake watsa shi, ya dace ne kawai da lokacin da kuke jiran kaya. Kada ku danna, kada ku kira lambar. Jikan naku ya buɗe manhajar da ya yi odar a ciki, ya duba lambar bin sawun kayan, can zai ga inda tabarau ya kwana da sunan kamfanin da zai kawo. In da gaske akwai wani kuɗi da za a biya, a ofishin gidan waya ko na kamfanin dakon ake biya, a karɓi rasit, kaya a hannu. In kuma an riga an rubuta lambar katin a wani wuri, to yau ɗin nan ya raka ku banki a toshe katin a ba ku sabo.